Yadda Muke Mayar da Tsohuwar Mota Kan Makulli Ɗaya

Motar da ta shekara arba'in tana sauya hannu, da wuya ka same ta da ɗan makulli ɗaya. Na ƙofar direba daban, na but daban, na tada inji daban, na ƙofar fasinja kuwa ba wanda ya san lokacin da ya ɓace. Irin waɗannan ne aka fi kawo mana: Peugeot 504 ta kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, da Mercedes W123 da ta fito a 1976, jefi-jefi kuma Volkswagen Beetle. Ba su da kwamfuta, ba na'urar da ke karanta ɗan makulli. Tagulla ce da ƙarfe da sifirin, don haka duk abin da ya lalace a cikinsu ido na iya ganinsa, hannu na iya gyara shi. Kafin mu taɓa komai dai sai mun ga takardun mota, musamman in an ce makullan sun ɓace gaba ɗaya.

Yawancin gidajen makulli na wancan zamani iri ɗaya ne a ciki. Akwai kwanso wanda ba ya motsi, akwai zuciya mai juyawa a cikinsa. An tsattsaga zuciyar, kowace tsaga an zura mata siririn falle na tagulla mai taga a tsakiya, da ɗan sifirin da ke tura shi waje. Adadinsu kan kama daga biyar zuwa goma. In babu ɗan makulli, fallayen na leƙowa su shiga kwarin da ke jikin kwanso, zuciya ta kasa juyawa. In ɗan makullin da ya dace ya shiga, kowane haƙori zai janye nasa falle har ya yi daidai da fatar zuciya. Wasu gidajen da 'yan sandunan ƙarfe suke aiki maimakon fallaye, amma ƙa'idar ba ta canza ba. Bambancin zurfin wani haƙori da mai bi masa kusan rabin milimita ne kacal, kuma a cikin wannan rabin milimitar ne kusan duk matsalar take.

Mai mota yakan zo yana cewa gidan makulli ya mutu, amma sau da yawa ɗan makullin ne ya cinye. Shekara da shekaru ana zura shi ana zarewa, kan haƙoran ya yi sulɓi, kafaɗar da ke tsayar da shi ta cinye, ya riƙa shiga fiye da inda ya kamata. Daga nan sai a kai shi wurin mai injin kwafi a kasuwa. Injin ba ya san yadda makullin yake tun asali ba. Abin da ya tarar shi zai kwafa, ya ƙara nasa kuskuren. Kwafin kwafi na uku ba ya buɗe ƙofa sai da jijjigawa. Shi ya sa ba ma kwafar cinyayyen makulli. Muna ciro gidan makullin da aka fi barinsa ya huta, galibi na ƙofar fasinja ko na but, mu karanta tsayin fallayensa, mu yanka sabon ɗan makulli a kan wannan awon. A W123 mai kulle ƙofofi da iska abin ya fi sauƙi, domin ƙofar direba ce ke ɗaukar dukan wahalar, ta fasinja tana nan kamar ba a taɓa ta ba. A Beetle kuma akan sami lambar makulli a buge jikin marikin ƙofa na waje, ta ɓangarensa na ciki, in dai marikin na asali ne.

Buɗe gidan makullin ƙofa yana da tsari. Ana kwance mariki ta sukurorin da ke gefen ƙofa, wani lokaci a ƙarƙashin robar da ke tare iska. A bayan gidan akwai ɗan zobe ko fil da ke riƙe harshen da ke tura sakata, da murɗaɗɗen sifirin mai mayar da makulli tsakiya. A ɗauki hotonsa da waya kafin a cire, don wannan sifirin yana shiga ta fuska biyu amma ɗaya ce daidai. Sannan a zura ɗan makulli, a jawo zuciya a hankali da yatsu a kewaye da ita. Wanda ya jawo ta babu makulli a ciki zai kwana yana neman sifirin a ƙasa. Muna shimfiɗa farin ƙyalle, mu jera fallayen ɗaya bayan ɗaya daga baki zuwa ciki, kowanne da sifirinsa a gefe. A jiƙa zuciya da kwanso a kananzir na minti ashirin, a goge tsagogin da tsohon buroshin haƙori, a busar. Abin da ke fitowa baƙar laka ce: ƙurar hunturu da baƙin man da wani ya ɗiga da niyyar taimako.

A duba fallayen da kyau a haske. Wanda gefen tagarsa ya yi rami, ko ya lanƙwashe, ya gama aiki. Sifirin da ya gajarce fiye da 'yan uwansa shi ma haka. Kayan maye muna samunsu ne daga tsofaffin gidajen makulli na irin motar, waɗanda ake tsinta a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ko gidan ya fashe muna saye, fallayen cikinsa muke so.

Wajen haɗa mota kan makulli ɗaya, ƙofofi ne ke bin gidan tada inji, ba shi ke binsu ba, saboda shi galibi a daddale yake, buɗe shi na da haɗari. Sharaɗi na farko shi ne ɗan makullin ya shiga bakin kowane gida. In kwarin jikinsa ya saɓa, ba dabarar da za ta yi, sai an nemo wata zuciya. In ya shiga, a mayar da fallaye, a zura shi, a shafa zuciyar da yatsa. Duk fallen da ya leƙo sama ko ƙasa ba mazauninsa ba ne. A musanya shi da wani, a sake gwadawa, har zuciyar ta yi sumul ko'ina. Yawanci rabin fallayen sauya musu wuri kawai ake yi, sauran a ɗebo daga akwatin tsofaffi.

A nan ne aikin gaggawa ke ɓata mota. Wani zai ga falle ya leƙo, ya sa magagari ya goge kansa. Wani ma cire su yake ya bar biyu. Ƙofa za ta buɗe lafiya lau a gaban mai ita, ya biya ya tafi yana murna, bai san cewa duk makullin da ya iya shiga bakin, har sukundireba, zai buɗe ta ba. In dole ta sa aka rasa falle ɗaya a gida mai takwas, muna barin gurbinsa mu faɗa wa mai mota. Fiye da haka ba ma yi.

Gidan tada inji abu uku ne a haɗe: zuciyar da makulli ke shiga, sakatar da ke kulle sitiyari, da suwic na lantarki a can baya. Kowanne da alamarsa. In makulli ya ƙi juyawa bayan an ajiye mota taya na dafe da dakali, sitiyari ne ya danne sakata. A murɗa shi kaɗan hagu da dama ana gwadawa. In yana juyawa sai an ɗan jawo shi baya ko an girgiza, zuciya ce ta cinye, kuma tarin makullan gida da na shago da ake rataya mata suna lilo a kan hanya su ke saurin kashe ta. In yana juyawa lafiya amma fitilun dashbod na ɗaukewa ko sitata ta yi shiru, suwic ne. A motocin Jamus wayoyinsa na da lamba: 30 daga batir, 15 zuwa wutar inji, 50 zuwa sitata. Muna sa mita tsakanin 30 da 15 inji na aiki. In asarar wutar ta haura rabin bolt, bakunan ciki sun ƙone. Dalili kusan kullum ɗaya ne, an jingina masa ƙarin fitilu da rediyo da hon mai ƙarfi kai tsaye. Sabon suwic ma zai ƙone in ba a raba masa kayan da rile ba, wato ɗan suwic na daban da ke ɗauke masa nauyin wuta.

W123 tana da halin da ya kamata mai ita ya sani. Zuciyarta ba ta fita sai makulli ya juya zuwa lamba 1. A nan ake zura siririyar waya a ɗan ramin da ke fuskarta, a kwance baƙin murfin da ke kewaye, ta fito. Aikin minti goma ne. Amma ranar da ta cije a sifili, wannan hanya ta toshe, sai yanka da huda ƙarfe mai tauri a ƙarƙashin dashbod, aikin yini guda, kuma galibi dukan gidan ne zai tafi. Saboda haka in ta fara gardama, ranar da ta yarda ta juya kada a mayar da ita sifili, a cire kan batir a kira mai gyara. Masu dizal kuma da iska ake kashe injinsu, ta wasu siraran tiyo biyu da ke jikin gidan makullin. In an zare makulli inji ya ci gaba da aiki, a bi tiyon nan tukuna kafin a zargi zuciya.

A motocin da aka ɗaure gidan a jikin sandar sitiyari da kusoshin da kansu ke karyewa wajen ɗauri, ana sa ɗan kurfi mai tsini a gefen kusar, a riƙa bugawa da ƙaramar guduma tana juyawa baya har ta saki. Kan batir na maras wuta a cire yake tun farko. Bayan an mayar da komai, muna ɗaga gaban mota mu gwada sakatar sau da yawa: kada ta faɗa makulli na wurin kunna mota, komai murɗa sitiyari. Sakatar da ta kulle mota na gudu ba a ba ta dama ta biyu. In ta lalace kuma ba a samu madadinta ba, cire ta ake yi ɗungurungum, ba a ɗaure ta da waya a ce ta zauna.

Batun mai, giris na sakatar ƙofa ne da sandunanta, ba ya shiga inda ɗan makulli ke shiga. Can garin giraf muke hurawa kaɗan, irin baƙin da ke cikin fensir, domin ƙura ba ta manne masa. Ɗan murfin da ke rufe bakin gida in an zare makulli shi ma muna gyara sifirinsa, in ba haka ba hunturu ɗaya ya isa ya mayar da aikin baya. Mai mota kan tafi da 'ya'yan makulli uku: biyu na amfani, na uku a ajiye a gida ba a taɓa shi, daga jikinsa za a riƙa yanko duk wanda za a buƙata nan gaba.