Asabar a bakin tafkin Kainji, wajen Yawuri

Kwale-kwale sun fara fitowa bayan asuba. Abin da aka zube a kwando yau yawancinsa 'ya'yan ƙarfasa ne, ko tafin hannu ba su cika ba, haɗe da 'yan mitsitsin kifin nan da ake kira warangi. Giwar ruwa ɗaya tak aka kawo, ita ma ƙarama.

Kifin da kansa yake faɗin irin komar da ta kama shi. Kalli, wato komar da ake kafawa a cikin ruwa, mai ido inci 3, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda, yana barin ƙananan kifi su wuce, sai wanda ya girma yake maƙalewa a wuya. Na yau kuwa aikin dala ne, wato doguwar koma mai ƙananan ido. Ana zagaye bakin gaɓa da ita, mutane su ja daga ɓangare biyu, ƙasanta na sharar yashi. A wannan ruwa marar zurfin ne namijin ƙarfasa yake haƙa ramin ƙwai, macen ta riƙe 'ya'yan a baki. Ja ɗaya ya rushe ramukan, ya kwashe uwa da 'ya'ya. Wasu har gidan sauro suke ɗinkawa a tsakiyar dalar.

An hana dala a Kainji. Dokar kamun kifi ta 1992 ma ta haramta guba, nakiya da lantarki. Amma mai dala ba ya zuwa yankar lasisi, don ranar yanka ce za a tambaye shi irin kayansa. Lasisin, jiha ce ke bayar da shi, kuma amfaninsa ya wuce kuɗin shiga: da shi ake sanin wa ke cikin ruwa, da wace koma. Inda jami'in kifi ba shi da jirgi ko mai, sai dai Sarkin Ruwa ya tsawata, in yana da ƙarfin hakan.

Da la'asar dattawa biyu ne kawai suka zauna da fatsa, babu matashi. Ba laifin wayar hannu ba ne kamar yadda ake yawan faɗa. Mai fatsa kifi babba yake jira: ya sa wa ƙugiya tsutsar tana don tarwaɗa, ɗan kifi mai rai don giwar ruwa. Yaron da ya wuni ƙugiyarsa ba ta motsa ba, gobe ba zai dawo ba. Har magariba, tarwaɗa biyu kawai dattawan suka samu.