Maganin gargajiyar mutanen Ayilan

Sanyin Golwe, wani birni a ƙasar Ayilan, ya kama ni da tari mai tsanani, har barci ya gagara. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ji ni ta bango, da safe sai ga ta da kofi a hannu. Busasshiyar ciyawar teku ce da suke kira karagin, ana tsinto ta a duwatsun gaɓar teku. Ta jiƙa ta, ta dafa da madara da zuma har ta yi kauri kamar kunu. Ta tsaya a kaina sai da na shanye, maƙogwarona kuwa ya yi laushi.

Daga bakinta na ji sauran. Idan yaro ya yanke, a da saƙar gizo-gizo suke ɗorawa don jini ya tsaya. Mai ciwon gaɓoɓi yakan yi yawo da ɗanyen dankalin turawa a aljihu. Ɗa na bakwai ga uban da shi ma na bakwai ne, shi ake kai wa mai makero ya shafa. Wasu kam camfi ne zalla, ban yarda da su ba.

Abin da ya taɓa zuciyata shi ne yadda suka adana ilimin. Tsakanin 1937 da 1939, aka tura yaran firamare sama da 50,000 su tambayi kakanninsu su rubuta a littafi. Rubutun hannun yaran yana intanet yau. Kwanaki nake karantawa, wallahi har na manta da abinci.