Laraba: "Jira tukuna, ina tunani"

Takalmana suna bakin ƙofa, na cusa musu tsohuwar jarida ko za ta tsotse ruwan kafin asuba. Kaska biyu na cire a ƙwaurina. Ummi ta fito da haƙori na biyu, mamanta ta turo hoto tun hantsi, ban gani ba sai bayan magariba da aka dawo mana da wayoyi. Ta wage baki kamar mai tallan man goge haƙora. Alhamdu lillahi.

Da safe raina fes na tashi. Yau ne karo na farko da Manjo ya sakar mini filatun a atisaye ba ya tsaye a kaina, wata huɗu da zuwana. Har waƙa nake yi wajen ɗaure igiyar takalmi.

Masu turo mini saƙo cewa in yi hattara da sirrin aiki, na gode, ku kwantar da hankalinku. Ba na faɗin wuri, sunayen nan kuma kun san ba su ne a takarda ba. Abin da zan faɗa yana cikin darasin kowace rundunar da ta gaji tsarin sojan Ingila, daga Gana har Indiya.

Ƙarfe 9:00 Manjo ya gama ba mu oda. Abokan gaba mutum 8 ne, yaran wani kamfanin soja da aka ɗaura musu jan ƙyalle a hula, sun haƙa ramuka a kan wani ɗan tudu ƙetaren rafi. Mu 31 ne. Lissafin da aka koya mana shi ne mai kai farmaki kan wanda ya riga ya shiga rami ya ninka shi uku, to mun ma zarce. Za mu taka layin farawa ƙarfe 12:00 daidai. Awa uku ke nan a hannuna, minti 180.

Akwai ƙa'ida a kan wannan, kuma na san ta kamar yunwar cikina. Duk lokacin da aka ba ka, kashi ɗaya cikin uku ne naka, biyun na waɗanda ke ƙasa da kai ne. Wato minti 60 gare ni, har da leƙen wurin, har da tunanin, har da ba da odar. Ƙarfe 10:00 ya kamata a ce na rufe baki, kofur-kofur sun ɗauka daga nan. Na rubuta wannan a jarrabawa a NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, na ci makina cif.

Ƙarfe 9:10 ina durƙushe a kan taswira Baba Saje ya zo ya tsaya a gefena. Bai zauna ba.

"Yallaɓai, akwai abin da zan fara gaya wa yara?"

Ko ɗaga kai ban yi ba. Na ce, "Jira tukuna, Saje, ina tunani."

Ya ce, "To, Yallaɓai." Ya sara, ya juya.

Shi ke nan maganar da ta hana ni barci. Abin da yake nema odar gargaɗi ce, jimla uku ko huɗu da ake jefa wa mutane tun kafin a gama shiri: farmaki za mu kai, wajen arewa, ƙetaren ruwa, ba mai motsawa kafin ƙarfe kaza, a raba harsashi, a cika gora. Da na faɗi wannan, da yana can yana rarraba jigidar harsashin GPMG, babbar bindigar nan mai aman wuta, a tsakanin yara, yana gwada rediyo, yana sa su maimaita yadda ake shiga rami biyu-biyu, ni kuma ina nawa tunanin a natse. Minti ɗaya zai ci mini. A maimakon haka mutum 29 suka zauna a gindin ɗorawa suna korar ƙuda har awa biyu.

Ni kuwa na ja mai rediyo muka tafi leƙe. Ciyawar gamba ta fi ni tsawo, ƙasa duk laka. Muka yi rarrafe zuwa bayan wani suri, na sa madubin hangen nesa, na ƙirga ramuka huɗu. Dama fili ne fetal, ko zomo ya gifta sai an gan shi. Hagu kuwa akwai kwari da ke bin rafin, zai ɓoye mu har kusan mita 100 daga raminsu na farko. Ga wani tudu mai duwatsu daga gabas da ya dace da masu danne su da wuta. Na sa kamfas na auna: tsakanin inda wutar za ta fito da inda za mu fito kusan digiri 90, wato kusurwa irin ta lungun ɗaki, yadda masu harbi za su daɗe suna aiki kafin mu shigo gabansu. Wallahi har murmushi na yi. Kamar an zana wurin don littafi.

Da na dawo 9:55 ta yi. Maimakon in tara su, sai na zauna ina auna hanya uku a rubuce, alhali tun a bayan surin nan na san hagu za mu bi. Daga nan na shiga gina siffar wurin a ƙasa. Toka na samo a wani tsohon murhun makiyaya na ja layin rafi da ita. Tsakuwa ramuka, ganyen sabara daji, tsinke mai jan zare abokan gaba. Har kibiyar arewa na yi da kara. Da kun gani da kun ce a sa shi a gilashi.

Ƙarfe 11:00 na fara oda, kan ta bi kan ta yadda aka koya mana: yanayin ƙasa, halin da ake ciki, aikin da aka ba mu (na faɗe shi sau biyu kamar yadda ake yi), yadda za a aiwatar, kayan aiki da masu rauni, sannan umarni da sadarwa. Shafi biyar. Ban tsallake ko layi ba. Ina gani Dogo, kofur ɗin da zai kai masu danne su da wuta kan tudun gabas, yana satar kallon agogo, na yi kamar ban gani ba. Na rufe littafi 11:30. Layin farawa yana mita 800 daga inda muke, a cikin wannan ciyawa tafiyar minti 20 ce. Kofur uku, kowanne da mutum tara ko goma, na bar musu minti goma. Dogo ma bai samu goman ba, don tudunsa ya fi nisa. Abin da ya iya ce wa yaransa shi ne, "Ku ɗauki kaya ku biyo ni."

Farko komai ya tafi daidai. 12:00 Dogo ya buɗe wuta, mu kuma muka bi kwari da sekshan biyu, wato yaran sauran kofur biyun, ruwa har gwiwa. Muka fito inda na tsara, muka jeru. Saura a ce wa Dogo ya kawar da wuta daga kan ramukan zuwa bayansu don mu shiga. Na karɓi rediyo na faɗi kalmar da muka shirya. Shiru. Na sake. Shuuu kawai. Muna cikin kwari, duwatsu sun tare mu.

Ban damu ba, ai na yi tanadi. In rediyo ya ƙi, farin hayaƙi. In hayaƙi ya ƙi, usur sau uku. Yana shafi na biyar. Na jefa gurnetin hayaƙi, na ƙirga goma, na ce a tashi.

Yaron da ke kan GPMG ba wanda ya gaya masa ma'anar hayaƙin. Dogo yana can ɗaya gefen yana fama da rediyo. Yaro ya ga farin hayaƙi, ya yi tunanin da kowane soja mai hankali zai yi, cewa mun rufe kanmu ne za mu kutsa, don haka yanzu ne ake bukatarsa. Ya ƙara wuta. Muka shiga tsakiyarta a guje muna ihu.

Alƙalin atisaye ya busa. Ya bi mu yana taɓa kafaɗa: kai, kai, kai. Mutum tara. Ni ne na huɗu. Ƙarfe 12:22.

Harsashin atisaye ne, ƙara kawai yake yi, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Amma in an ce ka mutu sai ka cire hular kwano ka kwanta, ba magana. Na kwanta rigingine a jiƙaƙƙiyar ciyawa, cinnaka na yawo a wuyana, ina jin muryar Baba Saje. Bai nemi littafina ba. Ya tura yaro ɗaya da gudu wajen Dogo. "Na biyu, ku danne su! Na uku, ku biyo ni ta hagu!" Iyakar odarsa ke nan. Cikin minti goma sha biyu sun share ramukan, ya baza yara suna fuskantar kowace kusurwa saboda ko za a dawo musu, ana ƙirga mutane da harsashi. Ina kwance ina ji ana ƙirga ni a cikin gawa.

Manjo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tara mu a inuwa, ya kira ƙaramin cikinmu, wanda bai fi wata shida da fitowa daga Defo na Zariya ba, ya ce, "Me aka tura ku yi yau?"

Yaro ya ƙame. "An ce mu bi Kofur, sa."

"In Kofur ya faɗi fa?"

Shiru.

Sai ya juyo gare mu hafsoshi, ya ce tun bayan da Napoleon ya ragargaza sojan Furushiya a Jena a 1806 suka zauna suka sake tunani, har aka kai zamanin babban hafsansu Moltke, inda suka tsaya a kan cewa ka gaya wa na ƙasa da kai abin da ake so da dalilin da ya sa ake so, ka bar masa yadda zai yi. Ya ce rundunoni da yawa a yau a kan wannan suke tafiya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: rediyo yana mutuwa, hafsa yana mutuwa, abin da ke kan yaro ne kaɗai ke isa tudun. Ya ɗaga littafina ya ce shirin ba shi da aibu, shi ma hagu zai bi. Ya miƙo mini. Ban san inda zan sa idona ba.

Rana garau-garau aka kawo, mai ya yi kaɗan. Ban ci na kirki ba. Daga baya, da aka dawo mana da wayoyi, Inna ta kira, layi na yankewa, abin da na ji kawai "a dinga addu'a".

Bayan la'asar na tarar da Baba Saje a bayan ma'ajiyar makamai yana sa ido ana wanke bindigogi, kofin shayi a hannunsa. Na ja benci. Na ce, "Baba Saje, yau na kwafsa."

"A'a, Yallaɓai, ai atisaye ne. Don haka ake yin sa."

"Ka faɗa mini gaskiya."

Ya kurɓi shayi. Ya kalli yaran, ya ga sun yi nisa da mu, sannan ya rage murya.

"Yallaɓai, da safe da na zo, ba shirinka na zo tambaya ba. Na san ba ka gama ba. Yara nake so in ba abin yi. Soja in ya zauna shiru bai san inda za a kai shi ba, cikinsa ne ke ɗurar ruwa."

Na ce ai ban so in faɗi abu in dawo in canza ba.

"Ka canza mana. Wa zai ce don me? A Darfur na yi aiki da wani hafsa, kafin mu fita sai ya canza magana sau uku. Amma tun asuba mun san gabas za mu, mun san dalili. Ba mu taɓa jin haushinsa ba." Ya ɗan yi shiru. "Wanda muke tsoro shi ne mai shiru da littafi."

Bai ce ni ba ne. Ya ma miƙo mini kofin ya ce in sha, akwai citta.

Tun ɗazu nake juya dalilin da ya sa na ce masa ya jira. Ba mantuwa ba ce, in na ce mantuwa ce na yi ƙarya. Mutumin nan ya yi Darfur, ya yi Mali a 2013, ya yi Borno tun ana kiran aikin Lafiya Dole har aka mayar da shi Haɗin Kai. Ranar da ya shiga soja ina firamare. Duk sanda ya sara mini sai in ji kamar na ari rigar wani. To ban so ya ga rabin tunanina. So nake in fito masa da abu gamamme, mai shafi biyar da kibiyar arewa, ya ce lallai yaron nan ya sha karatu. Don in burge mutum ɗaya na zaunar da mutum 29, na kashe tara. Shekara biyar a Kaduna, kuma abin da ya kayar da ni bai kai tsawon saƙon waya ba.

Wani abin da ya fi ci mini rai, yaron GPMG ɗin ya zo da kansa bayan sallar isha'i, ya ƙame a bakin ƙofata, wai ya zo ba da haƙuri ya harbe oga. Idonsa ya yi ja. Dogo ya riga ya wanke shi tas, na sani. Na ce masa ba laifinsa ba ne, abin da ya yi daidai ne da abin da ya sani. Ya ce, "Na gode, sa," amma daga ganin tafiyarsa bai yarda ba. Gobe a fareti sai na faɗa a gaban kowa, da Dogo a tsaye. Ban san da wane baki ba tukuna.

Gobe da dare kwanton ɓauna ne, Manjo ya ce zai ba da cikakkiyar oda ƙarfe 2:00 na rana. Ban san wurin ba, ban san hanya ba. Abin da na sani dai za mu kwana a waje, za a yi ruwa, ba a son abu mai ƙara ko ƙyalli a jikin kowa, kuma a sake gwada rediyon nan a cikin kwari ba a filin fareti ba. Na rubuta su a bayan kwalin ashana, layi huɗu.

Na je ƙofar Baba Saje wajen 10:30 in ba shi, na ga ya kashe fitila. Na ɗan tsaya. Na tura kwalin ta ƙarƙashin ƙofa na dawo.

Takalman nan ba za su bushe ba.