Watanni na farko a laburaren jami'a, da littafin da na ɓatar da hannuna

Ranar da na karɓi takardar ɗaukar aiki, a raina na ɗauka kai tsaye ɗakin kwamfutoci za a kai ni, tunda na yi digirina na ilimin laburare a ABU Zariya, na gama bautar ƙasa, kuma na iya taɓa Koha, wato manhajar kwamfuta da ake gudanar da aikin laburare da ita, daidai gwargwado. Ashe ba haka tsarin yake ba. Sabon ɗauka sai ya zagaya sashe-sashe tukuna, wajen sayo littattafai, katalog, teburin aro, mujallu, har wajen masu ɗinkin littafi sai ka zauna ka ga yadda suke yi. Hajiya da ke kula da mu ta dube ni ta ce, "Ɗana, nan ba a farawa daga sama. Gobe ƙarfe takwas ka sami Baba a bene na biyu."

Baba difloma gare shi, amma ya haura shekara 30 a cikin ginin nan, kuma duk wanda ka ga yana taƙama da kujera a yau ta hannunsa ya bi. Aikin safe kullum ɗaya ne, a kwashe littattafan da ɗalibai suka bari a kan tebura a mayar da kowanne gurbinsa, sannan a bi kanta ɗaya bayan ɗaya ana karanta lambobin da ke bayan littattafai a ga ko akwai wanda ya shiga layin da ba nasa ba. Lokacin hunturu na fara, ƙura kam ba a magana, kafin ƙarfe tara hannunka ya yi fari fat, hanci ya toshe, har sai da na koma sa takunkumi.

A makaranta mun fi sabawa da tsarin Dewey wajen ba littattafai lamba da jera su, to amma galibin jami'o'inmu tsarin LC suke bi, wato na Laburaren Majalisar Amurka, haruffa ne a gaba sannan lambobi. BP addinin Musulunci, KBP shari'a, PJ nan Larabci yake, harshen Hausa da adabinsa daga PL8231 zuwa PL8234, tarihin Najeriya DT515. Duk wannan na karanta don jarrabawa, amma haddar takarda daban, tsayuwa gaban kanta daban. Satin farko Baba ya biyo bayana yana zaro abin da na jera, ya ce, "Malam, zo ka gani. Lambar da ke bayan ɗigo ba a karanta ta kamar kuɗi. .A35 shi ne gaba da .A4, ɗaya-ɗaya ake bin su, uku tana gaban huɗu, shikenan." Bai ɗaga murya ba, kuma har yau Malam yake ce min duk da ya haife ni.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne bayan an mayar da ni sashen katalog. Can ne ake buga wa littafi hatimi, a ba shi lambar shigowa, a shigar da bayanansa a Koha, a fitar da lambarsa, sannan a buga 'yar takardar da ake mannawa a bayansa. Akwai tulin littattafai da aka sayo da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, suna jira, ni kuma ina son a ga ina da sauri, to sai nake ta bugawa ina mannawa ba na waiwaye.

Bayan kamar wata biyu wata baiwar Allah ta zo, malamar sakandare ce tana yin mastas a tarihi, daga wani gari mai nisa take zuwa duk ƙarshen mako da goyo a bayanta. Malaminta ya ce lallai ta nemo wani littafi kan mulkin Turawa a Arewa. Ta duba kwamfuta, kwamfuta ta ce littafin yana nan, ba wanda ya ara. Muka hau bene muka bi DT515 daga farko har ƙarshe, babu. Muka duba tebura, muka duba wajen ɗinki, muka duba bayan kantoci don ɗalibai kan ɓoye littafi a wani lungu in jarrabawa ta matso saboda kar wani ya riga su, babu. Ranar haka ta tafi, ta ce min, "Ba komai ƙanena, Allah Ya sa a gani," amma na ga yadda ta tsaya a bakin ƙofa tana lissafin kuɗin mota a tafin hannunta, wallahi abin ya dame ni har dare.

Washegari na gaya wa Baba. Ya yi shiru kaɗan, ya tambaye ni yaushe littafin ya shigo, na faɗa masa, sai kawai ya wuce DT515 bai ko kalle ta ba, ya je can gaba wajen littattafan ƙasar Mali, DT551, ya sa yatsa ya zaro shi. A kwamfuta lambar daidai take, a takardar bayan littafin ne aka juya 15 ta koma 51, kuma ni na buga ta, na gane aikina. Kullum da safe ana wucewa ta kansa ana ganin yana zaune daidai da lambar da ke jikinsa, don haka ba wanda zai taɓa zargin komai, da haka zai shekara goma a wurin an kashe kuɗi an saye shi amma kamar babu shi. Na ce, "Baba, laifina ne." Ya ce, "Na sani. Je ka gyara, sannan ka ɗauko duk waɗanda ka yi a satin nan mu bi su." Mun sami wasu guda uku. Da malamar ta dawo ranar Asabar na kai mata littafin da hannuna na ba ta haƙuri, na gaya mata gaskiyar abin da ya faru.

Tun daga nan na daina ganin katalog a matsayin aikin cike fom. Ko sunan marubuci ma ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, dokokin katalog da muka koya, AACR2 da RDA, an fi gina su ne a kan mutanen da ke da sunan dangi, mu kuwa mutum sunansa ne da na mahaifinsa sai sunan garinsu a ƙarshe, wani littafin ya sa Muhammad, wani Muhammadu, wani Mohammed, kuma duk mutum ɗaya ne. In ba ka zauna ka tsayar da siga ɗaya ba sai ayyukansa su warwatse wuri uku. Ga littattafan Larabci da na ajami da ke jibge suna jiran wanda zai iya karanta su, nan karatun allo da na Islamiyya da na yi suka yi min rana fiye da yadda na zata.

Ɗakin kwamfutocin da nake ɗoki na je shi daga baya. Abin da na tarar shi ne jami'a tana da damar shiga JSTOR da AGORA da HINARI, rumbunan intanet masu ɗauke da dubban mujallu, amma ɗalibai da yawa har su kai aji huɗu ba su sani ba, suna biyan kuɗi a waje a haɗa musu furojet. Yanzu duk wanda ya zo tambaya ba na nuna masa da yatsa daga kujera, tashi nake mu zauna tare ya yi binciken da hannunsa, in an ɗauke wuta mu jira sola ta ɗauka.

Ga mai shirin shigowa, a jami'a ana lissafa mu cikin malamai ne, don haka ƙarin girma sai da mastas da rubuce-rubuce a mujallu, kuma ka yi rajista da LRCN, hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta Najeriya, da wuri kar ka bari sai an tambaya. Ni na sayi fom ɗin mastas bana. Wata mai zuwa za a mayar da ni sashen mujallu, amma na roƙi Hajiya ta bar min awa ɗaya ta safe a bene na biyu, don Baba saura shekara biyu ya yi ritaya kuma har yanzu ban gama bin kantocin P, na harsuna da adabi, da shi ba.