Ƙarar da ta ci mini albashin wata biyu

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ɗakin rediyo, bayan shekara huɗu a garejin manyan motocin da ke Mando, Kaduna. Abokan aiki sun san labarin eriyar nan da aka ce na yi asarar kuɗi a kanta, amma yawancinsu daga bakin manaja suka ji shi. Ga nawa.

Rediyon da muke magana da direbobi da masu gadi da shi CB ne, mai tasha 40, a kan mita 11, wato wajen megahaz 27. Duk wanda ya zauna gabansa ya san ba ya rabuwa da ɗan shuuu. To amma a hunturun shekarata ta biyu ƙarar ta wuce misali. Direba na Kawo, ba nisa, amma sai ka manna kunne kafin ka tsinci kalma ɗaya.

Na ɗora laifin kan eriya. Ban gwada komai ba, na dai ga ta tsufa, na rubuta takarda a saya sabuwa, a ƙara wa ƙarfen tsawo. Aka kashe kuɗi, aka yo waldar ƙarfe a Panteka, na hau da kaina na ɗaura. Na auna SWR, wato ma'aunin yadda eriya ta dace da rediyo, ya zauna a 1.3, abin sha'awa. Da na kunna, ƙarar na nan, har ta fi da. A lokacin ban gane cewa SWR maganar fitar da sauti ce ba, ba ruwansa da dattin da eriya ke kwasowa.

Manaja ya kira ni gaban leburori ya ce, "Kai yaro, takardar makarantar taka ta sayowa ce?" Na ce, "Yallaɓai, a ba ni mako guda." Bai ba ni ba. Aka yanke kuɗin daga albashina, wata biyu ina komawa gida da abin da bai kai cefane ba.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada na kai wa kuka. Bai ma bar kujerarsa ba. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa ɗora shi kan batirin mota ka kashe wutar gidan gaba ɗaya?" Na yi shiru. Daren nan na yi yadda ya ce. Ina sauke babban makunni, ɗakin ya yi tsit, har na ji wani direba daga hanyar Zariya tar kamar yana bakin ƙofa. Na riƙa mayar da wuta layi-layi. Ashe inbata ce, da fitilun LED masu arha na tsakar gareji, dukansu manaja ne ya sayo su wata guda kafin matsalar ta fara, aka kuma bi da wayarsu gefen wayar eriya a bango ɗaya.

Kuskurena ne ban yi wannan gwaji tun farko ba, gwajin da ko sisi ba ya ci, kuma na karɓa. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne da na nuna wa manaja, cewa ya yi, "Ai dama aikinka ne ka gano." Kuɗina bai dawo ba.

Na raba wayoyin, na naɗa wayar wuta a zoben ferrite mai tace ƙara, na ba rediyo batirinsa shi kaɗai, na kafa sandar jan ƙarfe a gindin eriya na haɗa da gajeriyar waya mai kauri. Wannan sandar ta rage tas-tas ɗin da busasshiyar ƙurar hunturu ke tarawa.

Ga wanda zai gaje ni: kada ka yarda a sa maka wayar dish, om 75 ce, rediyon 50 yake so. Ka naɗe mahaɗin wayar eriya, wato PL-259, da tef kafin damina, ka zare shi in hadari ya taso. Murɗa squelch, maɓallin da ke toshe shuuu ɗin, ɓoye ƙara yake yi, tare da muryar direban da ke nesa.

Eriyar da aka ce na yi asarar kuɗi a kanta ita ce a sama har yanzu. Tsohuwar tana sito, bayan tayoyi, lafiyarta ƙalau.