Daga Detroit zuwa filin Wrigley, ni da Baba mai fensir

Maƙwabcina ne a Detroit, dattijo baƙar fata da ya yi ritaya daga kamfanin haɗa motoci. Tun da na tare a unguwar nake kiransa Baba, shi kuma ya ce da ni "ɗana". Shi ya koya mini kallon besbol. Da farko ban ga abin sha'awa ba a wasan da mutum ɗaya zai jefa ƙwallo, wani ya tsaya da kulki yana jira, sauran kuma su watsu a fili kamar masu kiwo. Sai da na shafe damina biyu ina zama kusa da shi a gaban talabijin kafin wasan ya shiga raina. Ranar da ya buga mini ƙofa ya ce ɗansa da ke aiki a Shikago ya samo mana tikiti biyu na wasan ƙungiyar Cubs ta Shikago da Dodgers ta Los Angeles a filin Wrigley, ban tsaya tambayar komai ba, jakata kawai na ɗauko.

Asabar ce, 22 ga Oktoba, 2016. Muka hau jirgin ƙasa da sassafe, sanyi na ratsa riga. Muka wuce Dearborn, garin da Larabawa Musulmi suka cika, muka wuce Ann Arbor da Jackson da Kalamazoo. Lokacin kaka ne, ganyen itatuwa ya rine, wani ja, wani ruwan ɗorawa. Tafiyar awa biyar ce da ɗoriya, amma ban ji tsawonta ba, domin tun kafin mu bar jihar Michigan Baba ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihun kwat ɗinsa ya shimfiɗa ta a kan cinya.

Takardar lissafin wasa ce, irin wadda tsofaffin 'yan kallo ke cikewa da fensir, kowane bugu da alamarsa. Ta sha ninki har ta fara tsagewa a tsakiya. Kwanan watan da ke samanta 2 ga Yuni, 2010, filin Comerica Park. Na san labarin, duk mai zama a Detroit ya sani, amma ban taɓa jin sa daga bakin wanda aka yi a gabansa ba.

A besbol kowace ƙungiya tana da zagaye tara, a kowane zagaye sai an fitar da mutum uku kafin a yi canji. Wato mutum 27 ke nan. Idan mai jifa ya fitar da su 27 a jere, ba wanda ya ko taka tashar farko daga cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya dawo gida ya ci maki, shi ne cikakken wasa mara aibu, kuma kafin wannan dare sau 20 kacal aka taɓa yin haka a tarihin manyan ƙungiyoyin Amurka. Armando Galarraga, ɗan ƙasar Venezuela da ke yi wa Tigers, ƙungiyar Detroit, jifa, ya fitar da 'yan Cleveland 26. Na 27, Jason Donald, ya buga ƙwallon a ƙasa. Miguel Cabrera ya tare ta, ya miƙa wa Galarraga da ya ruga tashar farko, ƙafarsa ta riga ta mai gudu sauka. Sai alƙalin wasa Jim Joyce ya ware hannuwa biyu, alamar mai gudu ya tsira.

Baba ya ɗora yatsa a kan gurbin. Ya riga ya rubuta alamar fita, sai ya goge, tabon gogewar na nan har yau. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da yaron nan ya yi? Murmushi. Ya koma ya fitar da na 28." Bayan an tashi, Joyce ya kalli hoton bidiyo, ya gane ya yi kuskure, ya nemi Galarraga ya ba shi haƙuri, ya kuma amsa laifinsa a gaban 'yan jarida. Washegari kociyan Tigers Jim Leyland ya aiki Galarraga ya kai wa alƙalai takardar sunayen 'yan wasa, Joyce ya karɓa yana share hawaye. Shugaban hukumar wasan na lokacin, Bud Selig, bai sauya hukuncin ba. Na tambayi Baba ko har yanzu yana jin haushin alƙalin. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce haushin hukuncin yake ji, amma mutumin ya wanke kansa.

Mun shiga Indiana, hayaƙin masana'antun ƙarfe na Gary ya bayyana, agogo ya koma baya da awa ɗaya. A Union Station muka sauka. Na samu lungu na yi sallolina, muka taka zuwa layin jirgin cikin gari mai jan launi. Jirgin ya fara tafiya a ƙarƙashin ƙasa, daga baya ya haye sama yana gogar bayan gidaje. Kowace tasha sai ƙarin masu shuɗiyar riga, har ba wurin juya kafaɗa. A Addison kowa ya zube.

Wrigley ba a bayan gari yake ba, babu wani makeken wurin ajiye motoci da ya kewaye shi. A tsakiyar unguwa yake, gida na jingine da gida, ka fito daga tasha ka yi karo da shi. An buɗe shi a 1914, Cubs suka tare a 1916, kuma in ka cire Fenway Park na Boston da aka buɗe a 1912, babu filin da ya girme shi a gasar. Kujerunmu na bene ne, can sama, da wani ginshiƙin ƙarfe da ke tare mini wani yanki na fili sai na karkata wuya. Ban damu ba. Daga nan ina hango katangar bulo da tsiro mai yaɗo ya lulluɓe, wanda aka dasa a 1937, ganyensa ya fara bushewa. Baba ya ce idan ƙwallo ta maƙale a cikin ganyen, mai tsaron baya sai ya ɗaga hannu, alƙali ya ba mai bugu tasha biyu. Sama da katangar ga tsohon allon maki, shi ma na 1937, akwai mutane a cikinsa suna sauya farantan lambobi da hannu. A tsallaken titi kuma, kan rufin gidajen Waveland da Sheffield, an kafa kujeru, mutane sun cika su maƙil. Fitilun da ke haska mu ma sai a 1988 aka saka su, kafin nan wasan rana kawai ake yi a wurin.

Na sayi gyaɗa mai ɓawo, na ga kowa yana zubar da ɓawon a ƙarƙashin ƙafarsa, ni ma na bi sahu.

Mutum sama da dubu 40 ne a filin, amma abin da na ji a iskar wurin tsoro ne. A lokacin, rabon Cubs da lashe World Series, wato karon ƙarshe na cin kofin gasar, tun 1908, rabonsu da zuwa ma tun 1945, shekarar da Tigers ɗin Baba suka doke su, kuma nasara a wannan daren za ta kai su can. Wasu na danganta abin da bakin wani mai mashaya da aka hana shiga da akuyarsa, camfi ne da ban ɗauke shi da nauyi ba. Wata tsohuwa da ke zaune gabanmu da mayafin ulu ta nuna mana gefen hagu na filin, inda abin 2003 ya faru. Cubs na gaban Marlins da maki 3 da nema a zagaye na takwas, saura mutum biyar su fitar. Ƙwallo ta tashi zuwa bakin kujeru, Moisés Alou na Cubs ya yi tsalle zai cafke ta, wani ɗan kallo ya miƙa hannu ya taɓa ta. Alƙali bai ce an yi katsalandan ba. Marlins suka ci maki takwas a wannan zagayen. Na ga bai kamata a ɗora wa bawan Allah nan nauyin ba, domin 'yan wasan ne suka watse bayan haka, kuma duk wanda ƙwallo ta nufo shi a kujera hannu zai miƙa.

A gefena kuma wani magidanci ne da hular Dodgers, ya taso tun daga Los Angeles. Shi ciwonsa sabo ne, na ranar Laraba. A wasa na huɗu na jerin wasannin da ƙungiyoyin biyu ke bugawa, Dodgers na gaba da wasa biyu da ɗaya, Adrián González na Dodgers ya zame zuwa gida, Willson Contreras na Cubs ya taɓa shi da ƙwallo, alƙali ya ce ya fita. Aka ƙalubalanci hukuncin. Tun 2014 ake da wannan dama, alƙalai su saka abin sauraro a kunne, wani alƙali da ke zaune a New York ya duba hotuna. Amsa uku ce ke iya fitowa: an tabbatar, an soke, ko an bar hukunci yadda yake don babu hujja bayyananniya. Ta ukun aka ba su, Cubs kuma suka cinye wasan 10 da 2. Mutumin ya ciro waya ya nuna mini hoton, hannun González a kan farantin gida. Na duba, na ƙara dubawa. A idona hannun ya riga sauka.

Ina goyon bayan duba bidiyo, da akwai shi a 2010 da ba a cuci Galarraga ba. Amma na fahimci abin da ke ci wa mutumin nan rai. Joyce ya fito da fuskarsa ya ce ni ne. Shi kuwa wannan hukunci ya zo ta waya daga wani ɗaki mai nisa, babu wanda za ka kalli idonsa, babu wanda zai zo gobe ya ba da haƙuri. Da na faɗa wa Baba haka, sai ya gyaɗa kai yana feƙe fensirinsa.

Alƙalai suka fito su shida, maimakon huɗun da aka saba, domin a wasannin ƙarshen kaka ana ƙara biyu a layukan gefe. Clayton Kershaw ne mai jifan Dodgers, gwanin da ake tsoro. Amma tun zagayen farko Dexter Fowler na Cubs ya buga mai tasha biyu, Kris Bryant ya kawo shi gida, Andrew Toles na Dodgers ya saki ƙwallon da ta faɗo masa a hannu, maki biyu suka shiga. Aka ƙara ɗaya a zagaye na biyu. Contreras ya ƙetarar da ita katanga a na huɗu, Anthony Rizzo ya ƙara a na biyar. Benen da muke kai har girgiza yake. Mai jifan Cubs Kyle Hendricks kuwa ba mai ƙarfin jifa ba ne, dabara gare shi, ƙwallonsa na zuwa a hankali ta lanƙwashe, 'yan Dodgers na ta dukan iska.

A zagaye na takwas, an fitar da mutum ɗaya, Josh Reddick na Dodgers ya samu bugu, kociyan Cubs Joe Maddon ya fito ya karɓi ƙwallo daga hannun Hendricks. Saura mutum biyar, daidai inda aka tsaya a 2003. Tsohuwar nan ta rufe fuska da mayafinta. Aroldis Chapman ya shigo a madadin Hendricks, aka fitar da biyu a bugu ɗaya. A na tara Yasiel Puig na Dodgers ya buga ta ƙasa, daga Addison Russell zuwa Javier Báez zuwa Rizzo, aka sake fitar da biyu, alƙalin tashar farko ya dunƙule hannu ya ɗaga. An tashi 5 da nema.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Manya da furfura suna kuka a fili, wanda bai san ka ba ya rungume ka. Tsohuwar ta ciro hoton wani namiji daga jakarta ta ɗaga shi sama, ta juya fuskarsa wajen filin. Mai hular Dodgers ya miƙa mata hannu, ya miƙa mana, ya sauka a nutse. Aka ɗaga farar tuta mai shuɗin harafin W a saman allon maki.

Mun fi awa kafin mu kutsa zuwa tasha, titin Clark ya toshe da jama'a. A cikin jirgi Baba ya samu wurin zama, ya buɗe sabuwar takardarsa yana bin layi da bakin fensir, leɓensa na motsi. Duk ɗan Dodgers da ya hau tasha a daren an share shi kafin zagayen ya ƙare. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, mutum 27 cif suka zo bugu." Ya zaro tsohuwar ta 2010 ya haɗa su, ya ninke tare, ya mayar aljihun kwat ɗinsa.