Asabar a Leeds, daren da jita ta koma ganga

Yau ba ni da aiki, kuma tun farkon mako na ƙwallafa rai a kan wannan rana, don da daddare zan je kallon wasan wasu makaɗa a nan Leeds ta Ingila. Bayan Asuba na koma na rama bashin barci, da na tashi na yi wanki, na leƙa kasuwar Kirkgate na sayo kifi da attarugu, na dawo na ɗora tukunya. A watan Nuwamba ƙarfe huɗu na yamma Magariba take yi a garin nan, Isha kuma wajen shida. Na sallace su a babban masallacin unguwar Hyde Park, inda muka yi da mutumina ɗan Damagaram za mu haɗu. Tare muke aikin kula da tsofaffi, kuma da ƙyar na shawo kansa ya rako ni.

"Mutumina, yanzu fisabilillahi wannan hayaniyar za ka kashe wa kuɗinka?" Haka ya tare ni tun a ƙofar masallaci, yana ɗaura igiyar takalmi.

Na ce masa, "Malam, kai dai zo ka ji da kunnenka. In ba ta yi maka ba, ni zan biya maka kuɗin mota."

Tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna zuwa Brudenell Social Club. Wanda bai san wurin ba zai wuce shi bai waiwaya ba, don gini ne gajere a tsakiyar gidajen jan bulo. Tun 1913 aka kafa shi a matsayin wurin shaƙatawar ma'aikatan unguwa, amma yau mawaƙa daga ƙasashe daban-daban suna ɗokin hawa dandalinsa. Dandalin ƙasa-ƙasa ne, in ka tsaya a sahun gaba kana iya karanta takardar jerin waƙoƙin da aka manna a ƙasa kusa da ƙafar mawaƙi. Na karɓi lemo, shi ya karɓi ruwa, babu wanda ya ko kalle mu.

Waɗanda muka je gani matasa ne huɗu, ba su yi suna ba tukuna. Su da kansu suka shigo da kayansu, su suka jona wayoyi, mai jita har da durƙusawa yana liƙe wata waya da salatif. Mai ganguna budurwa ce siririya. Ta cire takalmi ta ajiye gefe, ta buga sandunanta sau huɗu a sama, sai ɗakin ya kama da wuta.

Ina so in rubuta abin da na gani a kusa tun bai dushe mini ba. Ƙafarta ta dama tana taka babbar ganga a kan kowace ƙidaya, ɗaya biyu uku huɗu, ba fashi, irin bugun da aka gada daga kiɗan disko. Ƙafar hagu kuma tana buɗe wasu faifan ƙarfe biyu da ke kife a kan juna, su yi tsaki a tsakanin bugu da bugu, sannan ta rufe su. Wannan tsakin shi ke ɗaga kafaɗar mutum. Mai jitar bas, wadda muryarta ke da kauri, ya riƙe ɗan gajeren karin kiɗa guda yana ta maimaita shi, shi ne kuma ainihin waƙar, shi ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Mai ɗaya jitar kuwa, wanda na zata shi zai cika ɗakin da ƙara, sai na ga yana rowar sauti. Ya sari igiyoyin sau ɗaya da ƙarfi, nan take ya danne su da gefen tafinsa, sautin ya mutu, ya bar gurbi. Ya sake sara, ya sake dannewa. Ba ya jan sauti ya yi tsawo ko kaɗan. Jitar ta zama ganga ta biyu a hannunsa, kuma a cikin guraben da yake bari ne ƙafafun mutane ke faɗawa.

A waƙa ta uku mawaƙin ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da kuge yana dukansa da sanda. Na waiga in ga mutumina, sai na iske kansa yana kaɗawa, kwalbar ruwan tana bugun cinyarsa daidai da kiɗan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda kalangu ke sa ƙato tsuma tun bai shiga fili ba, zai gane abin da nake nufi. Jiki ne ke amsawa kafin tunani ya iso. Na yini mako guda ina ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera, ina magana ƙasa-ƙasa, ina taka ƙasa a hankali kada in tashi mai barci. Aikin ina sonsa, amma yana tara wani nauyi a kafaɗa da ƙirji wanda barci ba ya saukewa. Yau cikin rabin sa'a na ji ya zube. Na yi tsalle har gumi ya jiƙa rigar sanyina, ni da ban san sunan kowa a ɗakin ba.

Da makaɗan suka ɗan tafi hutu, wani dattijo mai farin gashi da ke gefenmu ya ja mu da hira. Ya nuna ƙasa da yatsa ya ce a garin nan aka haifi wannan salon da ake kira dance-punk, wato pank na rawa, kuma yana da hujja. A ƙarshen shekarun 1970 wasu ɗaliban jami'ar Leeds suka kafa ƙungiyar Gang of Four. Suka ɗauki zafin kiɗan pank, wanda a lokacin gudu ne kawai da ihu, suka haɗa shi da bugun fonk da na rege, suka fitar da kundinsu na farko a 1979. Mai jitarsu, Andy Gill, wanda ya rasu a 2020, shi ya yi fice da wannan sara da dannewa da na gani a hannun yaron yau. A garin nan kuma aka yi Delta 5, su har masu jitar bas biyu gare su. Dattijon yana ba da labarin idonsa na ƙyalli, ya ce 'yarsa ce ta kawo shi yau, tana can gaba cikin cunkoso.

Ni ta wata ƙofar na shigo. Kiɗan farkon shekarun 2000 na fara ji, lokacin da salon ya sake tashi a New York ta hannun kamfanin faifai na DFA da ƙungiyoyi irin su The Rapture da LCD Soundsystem, sannan a Glasgow da ƙungiyar Franz Ferdinand, waɗanda suka ci kyautar kiɗa ta Mercury a 2004. Su Franz Ferdinand ba su ɓoye niyyarsu ba, sun ce kiɗan da 'yan mata za su taka rawa da shi suke son yi, a lokacin da masu jita da yawa ke ganin rawa raini ce ga sana'arsu. Wanda ya fi kama ni dai Kele Okereke ne na Bloc Party, ɗan iyayen da suka fito daga Najeriya, aka haife shi a Liverpool. Ranar da na fara ganin baƙin mutum mai suna irin na gida yana jagorantar irin wannan ƙungiya a Landan, sai na daina jin cewa leƙen gidan wasu nake yi.

A nan mutumina ya tsoma baki, kuma ya zo da zafinsa. Ya ce wannan maimaita karin kiɗa guda har ya shiga jini ai ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya je biki a Agadas ya san shi. Ya kawo misalin Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara, yau ga shi kamfanin Matador na Amurka ke fitar da kundinsa tun 2021. Dattijon ya san shi sarai, har ya fi ni sanin waƙoƙinsa. Ni kuma na ƙara musu da cewa 'yan ƙungiyar Talking Heads ta Amurka ba su taɓa musun cewa Fela Kuti suka saurara ba kafin su yi kundinsu na 1980. Muka tsaya mu uku muna ɗaga murya saboda hayaniya, kowa na ƙoƙarin riga wani faɗin suna.

Ba duk abin da ake kira da wannan suna ne ke burge ni ba. Ƙungiyar da ta buɗe daren ma ba ta kama ni ba. Sun haddace salon tsaf, amma mai gangarsu da mai bas ɗinsu kowa hanyarsa daban, in kuwa waɗannan biyun ba su zama abu guda ba, sauran duk ƙara ce. Akwai kuma masu ganin ihu shi ne zafi. Yaran da na je dominsu ba su yi wannan kuskuren ba. Mawaƙinsu rabin waƙa rabin magana yake yi, a kan kuɗin haya, da aikin da ba a san ranar ƙarewarsa ba, da wayar da ke cinye wa mutum dare. Abubuwan da ke hana ni barci ne nima. Abin da ya ɗaure ni da kiɗan nan ke nan: ba ya ce maka ka manta da damuwarka, a gabanka yake ajiye ta, ya sa mutum ɗari su taka ta tare.

A waƙar ƙarshe tsakiyar ɗakin ya hargitse, matasa na ture juna suna dariya. Wani yaro ya zame ya faɗi daidai gabana. Kafin in sunkuya hannaye sun riga ni, aka ɗaga shi cak, wata ta tsinto gilashinsa ta goge da gefen rigarta ta miƙa masa, aka ci gaba. Mai gangar ba ta rage gudu ba.

Bayan an tashi sai ga su huɗun a bayan wani ɗan tebur kusa da ƙofa suna sayar da riguna da faifansu. Wannan ɗabi'ar ta yi wa kanka da kanka tsohuwa ce a wajensu. A 1977 'yan Buzzcocks na Manchester suka ranci kuɗi wajen dangi da abokai, suka buga faifansu na farko kwafi 1,000 ba tare da wani babban kamfani ba, daga nan matasa da yawa suka gane ashe ba sai an jira izinin kowa ba. Na sayi faifai ɗaya a hannun mai gangar. Yatsunta biyu naɗe suke da filasta, da su ta ƙirga mini canji. Na ce mata ƙafarta ta hagu ce ta yi aikin daren nan. Ta yi dariya ta ce ba a cika lura da wannan ba.

A tashar mota mutumina yana ta danna waya yana neman sunan ƙungiyar. Na zaro kuɗi na ce, "Malam, ga kuɗin motar da na yi alkawari." Ya ture hannuna ya ce in bari, amma da sharaɗi: duk ranar da 'yan Agadas suka zo wasa arewacin Ingila, shi zai sayi tikiti, kuma a sahun gaba za mu tsaya. Na amince. Gobe da safe ina da aiki ƙarfe bakwai, ga cinyoyina sun fara tsami.